Nesa Ta Zo Kusa, Amma Ga Wa? Tarihin Hanyar Kaduna Zuwa Kano Ta Sama

Daga nan Rafin Guza nake magana kamar kullum. Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata 'yar gajeriyar hanya da ke saman kawunanmu, wato hanyar jirgin sama tsakanin Kaduna da Kano.

Mu fara da lissafi. Idan ka miƙe zare a kan taswira daga filin jirgin Kaduna zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, wajen kilomita 200 ne. Ta mota kuwa, ka tashi daga tashar Kawo, ka bi Rigachikun, Mararrabar Jos, Jaji, Zariya, Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, har ka sauka Unguwa Uku, kilomita 220 ne zuwa 230. Jirgin fasinja irin na yanzu, in dai ya ɗaga, rabin awa ta ishe shi. Kafin a gama raba wa fasinjoji ruwa an ce a ɗaura bel za a sauka.

To amma je ka nemi tikitin wannan rabin awar ka gani. Mafi yawan lokaci abin da za a nuna maka shi ne ka tashi daga Kaduna zuwa Legas, kilomita 600 da wani abu, ka zauna zaman jira, sannan ka hau wani jirgin ya dawo da kai Kano, kilomita 800 da wani abu. An haɗa maka sama da 1,400 ke nan, ninki bakwai na tafiyar da ka yi niyya. Me ya kawo haka? Amsar tana cikin tarihi, kuma in muka bi ta a hankali za mu ga abin da ya kamata mu matasa mu riƙa tsayawa a kai.

Kafin zuwan Turawa, ƙafa da jaki su ne ma'aunin nisa. Fatake kwana suke ƙirgawa, zango zuwa zango. Ko sojojin Lugga, da Kanar Morland ya jagoranta don cin Kano, ranar 29 ga Janairu 1903 suka bar Zariya, sai 3 ga Fabrairu suka fasa ganuwar Kano. Wannan fa daga Zariya ne. Kaduna a lokacin ba a san ta a matsayin birni ba, ƙauyukan Gbagyi ne a gefen kogi da daji.

Abu na farko da ya karya wannan nisan shi ne dogo. Layin da aka faro daga Baro ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da na Legas. Turawa ba don Allah suka shimfiɗa shi ba, auduga suke hange don masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka ba su mamaki da gyaɗa, har aka wayi gari ana tara dalar gyaɗa a gefen tasha. Dogon nan shi ya haifi Kaduna. Saboda jirgin ƙasa da ruwan kogi aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Ku riƙe wannan a ranku, don za mu dawo kansa: duk da mugun nufin da aka gina shi da shi, jirgin ƙasa yana da tarago na talaka. Mai goro ya shiga, almajiri ya shiga, tsohuwa mai zuwa ganin jika ta shiga da ƙullin kayanta. Tafiyar kwana da kwanaki ta koma ta wuni guda, kuma kowa ya amfana.

Sai kallo ya koma sama. Ranar 27 ga Oktoba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Khartoum, suka ratsa Darfur, suka yada zango a Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin sukuwa na Kano, zamanin Sarki Usman ɗan Abdullahi Maje Karofi. Daga wannan ranar ake lissafa tarihin jirgin sama a Najeriya. Ranar 6 ga watan suka iso Kaduna. Kun ga ke nan, hanyar da muke magana a kanta tana cikin hanyoyin sama na farko-farko da aka taɓa bi a ƙasar nan. Shekara ɗari ke nan.

Wane irin jirgi ne? Sunansa DH.9A, mai fiffike biyu sama da ƙasa, an yi shi da katako da yadi, mutum biyu yake ɗauka. Gudunsa duka bai wuce kilomita 200 a awa ba, wato Kano zuwa Kaduna awa ɗaya da 'yan mintoci. Kuma jirgin yaƙi ne, mai jefa bam. Irinsa Ingila take amfani da shi a Iraƙi a waɗannan shekarun tana ladabtar da ƙabilun da suka ƙi biyan haraji, shi kansa Coningham ya yi aiki a can kafin ya zo nan. Sun zo gwada hanya ne, su kuma nuna wa sarakuna da talakawa cewa mai mulki yana iya fitowa ta inda ba a zato. Jirgin farko da ya haɗa Kano da Kaduna bai ɗauko fasinja ko ɗaya ba.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartoum zuwa Kano, daga baya ya miƙa har Legas. Wasiƙun gwamnati ne manyan kayansa, sai 'yan tsirarun jami'ai. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, sai Kano ta zama babbar mahaɗa. Daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Ghana ta yanzu, a harhaɗa su a can, matuƙa su biyo da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Sudan, har fagen fama a Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya.

Bayan yaƙi ma Kano ta ci gaba da cin wannan gajiyar. Jiragen lokacin ba su da dogon numfashi, in sun tsallako Sahara daga Turai dole su sauka su sha mai kafin su wuce kudancin Afirka. Yadda ayarin raƙuma daga Agadas da Gadamas ke sauka Kano, haka jiragen BOAC da Sabena da KLM suka riƙa sauka. KLM ya fara zuwa a 1947. Da aka ƙera manyan jirage masu iya dogon zango, sai aka fara tsallake mu ɗaya bayan ɗaya. KLM ɗin ma ya tattara ya bar Kano a 2012.

Kaduna kuma fa? Ita gidan mulki ce da bariki, saboda haka filinta ma na mulki ne da soja. Tsohon filin jirgin yana nan kusa da mu, ta wajen Mando, inda sansanin sojan sama yake yanzu. An kafa rundunar sojan saman Najeriya a 1964, Jamusawa suka fara horar da ita, kuma nan ne makarantar koyon tuƙin farko. Duk ɗan Kawo, Hayin Banki, Unguwar Dosa ko Rafin Guza da ƙarar ƙananan jiragen nan ya tashi, suna shawagi da safe. A wannan tsohon filin aka harhaɗa ƙaramin jirgin koyo da ake kira Air Beetle a shekarun 1990. A Zariya kuma, tsakiyar hanyar tamu, akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964. Sabon filin jirgin Kaduna, wanda ke bayan Afaka, wajen kilomita 22 daga cikin gari, a 1982 aka buɗe shi. Wato dai ilimin jirgi da kayan aikinsa ba baƙinmu ba ne a wannan yanki.

An taɓa yin lokacin da hawa jirgi daga Kaduna zuwa Kano abu ne na yau da kullum. Kamfanin jiragen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1946, da Nigeria Airways da ya gaje shi a 1958, jirginsu yakan taso daga Legas ya sauka Kaduna, ya sauke ya ɗauka, ya wuce Kano. Su wa ke ciki? Ministocin Jihar Arewa, manyan sakatarori, razdan-razdan, hafsoshin soja, manajojin kamfanonin Turawa, da 'yan kasuwa ƙalilan. Yawancinsu ba daga aljihunsu suke biya ba. A lokacin duk lardunan Arewa Kaduna suke kallo, kuma duk mai fita waje ko mai zuwa Makka ta sama Kano zai bi. Garuruwan biyu kowanne yana buƙatar ɗan uwansa, shi ya sa jirgi ke kai da komo.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi goma sha biyu. Kano ta samu gwamnanta, ta daina kawo takarda Kaduna, ta koma kaiwa Legas. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, takardar ta koma can. Nigeria Airways kuma, bashi da almundahana suka cinye shi, aka rufe shi a 2003. Daga nan hanyoyin sama na ƙasar nan suka zama kamar ƙafafun keke: kowane gari yana da tsinke ɗaya da ya nufi Legas ko Abuja, amma tsakanin gari da maƙwabcinsa babu. Jirgi inda mulki da kuɗi suke yake bi, haka yake tun 1925.

Wani zai ce ai don kamfanonin ba namu ba ne. To namu ma an yi. Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980. Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa a nan Kaduna a 1994, kuma akwai lokacin da in ana maganar jiragen cikin gida dole a ambace shi a sahun gaba. Allah Ya jiƙansu, sun ɗauki 'ya'yan mutane da yawa aiki. Daga baya Max Air da Azman suka biyo. Amma dukkansu hancin jiragensu Legas da Abuja da Jidda yake kallo, kuma ba laifinsu ba ne, lissafin kasuwa ne.

Bari in warware lissafin, don a fahimta. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama. In ya kai can ƙololuwa ya daidaita, a nan yake samun sauƙi. A tafiyar kilomita 200, kafin ya gama hawa lokacin saukowa ya yi, wato wahalar kawai ya sha. Na biyu, gyaran jirgi ba da tsawon tafiya kaɗai ake auna shi ba, ana ƙirga sau nawa ya tashi ya sauka, don kowane tashi da sauka yana cin inji da taya da birki, kuma kayan gyaran da dala ake saye. Na uku, kuɗin sauka a fili, da na masu ɗaukar kaya, da na ma'aikatan ƙasa, kusan ɗaya ne ko tafiyar gajera ce ko doguwa. In ka haɗa, tikitin Kano ba zai yi wa na Legas nisa ba a tsada. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma tikitin tafiya ɗaya a cikin ƙasar nan yakan wuce haka.

Ko da kuɗin ma kana da su, duba lokaci. Ka fita daga Rafin Guza, ka haye gadar Kawo, ka bi Mando har filin jirgi. Ka isa awa guda kafin tashi. In an yi sa'a ba a ɗaga lokacin ba, ka yi rabin awarka a sama, ka jira jaka, ka nemi mota zuwa Kwari ko Sabon Gari. Wanda kuka rabu da shi a tashar Kawo ya shiga Sharon, in hanya ta yi kyau, tare za ku isa, watakila ma ya riga ka.

Wannan ba a kanmu kaɗai yake ba. A Faransa, tun 2023 doka ta hana wasu jiragen cikin gida tashi a inda jirgin ƙasa ke iya kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Alhazanmu kuma sun ga na Saudiyya da idonsu: jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, Makka zuwa Madina kilomita 450, ninki biyu na tafiyarmu har da ƙari, cikin awa biyu da 'yan kai. Inda ake da hankali, tafiya irin ta Kaduna zuwa Kano aikin dogo ce.

Mu kuwa namu dogon, wanda ya haifi garin nan, mun bar shi ya mutu. Tun shekarun 1980 hukumar jiragen ƙasa ta fara tangal-tangal, taragu suka ruɓe a Kaduna Junction da Zariya, 'yan jari-bola suka bi ƙarafa. Kayan da jirgi ke ɗauka suka koma kan tirela, tirela ta cinye titi, titi ya riƙa cin mutane. Babu unguwa a Kaduna da ba a yi zaman makokin wani da ya rasu a hanyar Zariya ba. Aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano, kilomita 375, a ƙarshen 2017 aka ba da shi. Ɓangaren Kaduna zuwa Kano an buɗe shi a Mayun 2023, kuma gaskiya an samu sauƙi, wannan ba a musu. Amma kuɗin mota ya bi farashin fetur ya hau, tun da aka cire tallafi a wannan watan dai.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa, wato tsoro. Ranar 11 ga Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a kan hanyar filin jirgin nan namu. Ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin kansa, suka kashe ma'aikaci, kamfanoni suka dakatar da zuwa na makonni. Bayan kwana biyu, ranar 28, aka tayar da bam a layin jirgin Abuja, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da 60 daji, na ƙarshensu sai a Oktoba suka fito. A waɗannan watannin mai kuɗi da talaka duk sun ɗanɗani abu ɗaya: garin da ke kusa yana iya komawa nesa cikin dare ɗaya. Manya sun daɗe suna ganin in ƙasa ta lalace za su bi ta sama. Ranar nan aka gane shi ma filin jirgin a ƙasa yake.

To ina maganar ta dosa? Ranar 15 ga Yuli 2021 Shugaba Buhari ya aza harsashin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano a Zawaciki, kilomita 203, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke aikin. Ku lura da lambar nan: 203. Kusan daidai da nisan da jirgin sama zai yi. Irin layin Rigasa zuwa Idu ne da aka buɗe a 2016, mai kilomita 186. In aka gama shi, aka riƙe shi da kyau, tafiyar ba za ta wuce awa biyu da wani abu ba, a kujera, ba rami, ba tirela a gabanka. Ga kuma na Kano zuwa Maraɗi da aka aza a farkon wannan shekarar ta 2021, wanda zai haɗa mu da 'yan uwanmu na Nijar ta Katsina da Jibiya. An sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. Har yanzu da nake maganar nan, ba wanda ya sayi tikiti a Rigasa ya sauka Kano a kan sabon layin.

A daidai wannan tsakanin, me aka ba mu mu kalla? An nuna mana tambarin Nigeria Air a Ingila a 2018. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi guda Abuja da fentin sunan a jikinsa, aka yi hotuna, daga baya ta bayyana na kamfanin Habasha ne, ya koma inda ya fito. Jihohi kuma kowace tana rige-rigen gina filin jirgi, wasu filayen sai lokacin aikin Hajji ko ranar da babban mutum zai aurar da 'ya ake share su. Mu kuma muna tafi, muna jayayya a Facebook kan wace jiha ta fi wata kyan fili.

Ku tambayi kanku su wa ke bin hanyar Kano kullum. 'Yar kasuwar da ke saro atamfa a Kwari ta kawo Kasuwar Barci. Ɗalibin Jami'ar Bayero da iyayensa ke Badarawa. Mai karaya da aka tura asibitin ƙashi na Dala. Mai jinya a Shika. Mai tumatir daga Kadawa da kayansa ke narkewa in mota ta lalace. Mai hatsi daga Dawanau. A cikinsu, wanda ya taɓa shiga jirgin sama, galibi ta sansanin alhazai na Mando ya bi, sau ɗaya a rayuwa, bayan tarin shekaru. Waɗannan su ne masu hanyar, kuma su ne ba a tambaya in ana kasafi.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan uwana matasa, na Kaduna da Zariya da Kano. In ɗan takara ya zo unguwa yana cewa zai dawo da jirgin sama kaza, ku gode masa, sannan ku tambaye shi dogo. Nawa aka ware wa layin Kaduna zuwa Kano a kasafin bana, nawa aka saki? Kashi nawa aka gama? A waɗanne garuruwa jirgin zai tsaya, ko wucewa zai yi ta gonakin mutane suna ɗaga masa hannu? Waɗanda aka karɓi gonakinsu an biya su diyya? Nawa tikitin talaka zai kama, kuma wane shiri aka yi don kada 'yan bayan fage su saye shi su sayar ninki biyu? Wa zai tsare layin? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata takarda, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar unguwa ma tana iya rubutawa, ba sai lauya ba. Ku rubuta wa ma'aikatar sufuri, ku ba ɗan majalisarku kwafi, ku ajiye naku mai hatimin karɓa. In sun yi shiru, shirun ma labari ne, ku kawo mu karanta a nan.

Hausawa kan ce nesa ta zo kusa. A sama, ta zo tun 1925, ga mutum shida da ke cikin jirage uku. Mu da muke ƙasa muna ɗaga kai, tamu a kan dogo take, kuma ba za a kawo mana ita muna zaune ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan hanya, Ya tsare matafiyanmu, Ya ba mu shugabanni masu jin kukan na ƙasa.